Noman Ƙarfe da Gyaran Gurɓatacciyar Ƙasa: Iyakar Abin da Tsirrai Za Su Iya a Yankin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Tsakure

Takardar nan ta yi nazarin tsirran da ke zuƙar ƙarfe daga ƙasa su tara shi a ganye, da hanyoyi biyu da ake cin moriyarsu: noman ƙarfe domin sayarwa, da gyaran ƙasar da guba ta ɓata. An auna wannan ilimi da yanayin ƙasa da tsarin noma na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, tare da duba abin da ya faru a Zamfara da kuma unguwannin masana'antu na Kano. Matsayar takardar ita ce tsiro ba zai fitar da dalma daga ƙasa a tsawon rayuwar mai gona ba, amma zai iya ɗaure ta wuri ɗaya, zai kuma iya rage kadmiyam a gonar da ba ta gurɓata sosai ba. Babbar matsalar a wurinmu ita ce inda abin da aka girbe zai ƙare.

1.0 Gabatarwa



A farkon shekarar 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba sai da yara suka bi baya. A watan Maris na wannan shekara ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da yara suna farfaɗiya suna mutuwa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba su yi musu komai ba. Gwajin jini ne ya nuna dalma. Mazauna Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega suna ɗauko dutsen zinare daga ramuka su kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Yaran da suka rasu sun haura 400. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Tun daga lokacin, kusan duk taron da aka yi a kan gurɓatar ƙasa a Arewa sai an ji wani ya kawo shawarar a shuka tsirrai su shanye gubar. Shawara ce mai daɗin ji, domin tana da arha, ba ta buƙatar katafila, kuma aiki ne da manomi ya iya. Ina cikin masu son wannan ilimi, shi ya sa nake ganin wajibi ne mu faɗi iyakarsa da bakinmu kafin a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba, a zo a bar yara suna wasa a kan guba ana jiran ciyawa ta yi aiki.

2.0 Tsirrai Masu Zuƙar Ƙarfe

Kowane tsiro yana shan ƙarfe kaɗan daga ƙasa, domin yana buƙatar irin su tutiya da jan ƙarfe da manganis don ya rayu. Idan suka yi yawa, yawancin tsirrai kan tare su a saiwa, ko su ƙone su mutu. Akwai wasu 'yan ƙalilan da suka saɓa wa wannan. A 1948 masana biyu a Italiya, Minguzzi da Vergnano, suka gano wata ciyawa mai suna Alyssum bertolonii a yankin Tuskani tana ɗauke da nikel da ya kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin busasshen ganyenta. A 1976 Tanguy Jaffré da Robert Brooks da abokan aikinsu suka ba da labarin wata bishiya a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, wadda yanzu ake kira Pycnandra acuminata, mai ƙaro shuɗi-shuɗi wanda kusan rubu'in nauyinsa nikel ne idan ya bushe. A 1983 Rufus Chaney na ma'aikatar noma ta Amurka ya kawo tunanin a noma irin waɗannan tsirrai da gangan, ko don a tsabtace ƙasa ko don a samu ƙarfen. A 2001 Lena Ma da ɗalibanta a Jami'ar Fulorida suka nuna cewa tsiron Pteris vittata yana tara asenik mai yawan gaske.

Ba a shigar da tsiro wannan aji sai ya cika ma'auni. A kowane kilo na busasshen ganye ana neman aƙalla miligiram 100 na kadmiyam, ko 300 na jan ƙarfe ko kobal ko kuromiyam, ko 1,000 na nikel ko dalma ko asenik, ko 3,000 na tutiya, ko 10,000 na manganis, kuma a same shi da haka a inda yake tsirowa da kansa. Ƙididdigar da Roger Reeves da abokansa suka fitar a 2018 ta kawo nau'i sama da 700, kuma fiye da 500 daga ciki na nikel ne. Wannan adadi na biyu shi ne ya kamata mu riƙe. Baiwar tana da yawa a ɓangaren nikel, tana da ɗan dama a tutiya da kadmiyam da asenik, amma a ɓangaren dalma kusan babu ita.

Dalili yana cikin yadda abin ke aiki. Saiwa tana da ƙofofin da take shigar da abincin da take so, kuma nikel da kadmiyam suna bin ƙofofin tutiya da baƙin ƙarfe saboda kamannin da ke tsakaninsu. Da sun shiga, tsiron kan naɗe su da wasu sinadarai masu tsami da yake yi da kansa, ruwan da ke hawa ta jijiyoyin kara ya kai su ganye, a adana su cikin 'yan jakunkuna na ƙwayoyin fatar ganyen inda ba za su hana tsiron aiki ba. Masana da dama suna ganin kariya ce daga ƙwari da dabbobi, domin ganye mai guba ba ya ciwuwa. Ita kuwa dalma ba ta narkewa cikin ruwan ƙasa da sauƙi. Tana manne wa laka da ruɓaɓɓen taki da fosfet, kuma ɗan abin da ya samu shiga saiwa a nan yake maƙalewa, ba ya hawa sama.

Noman nikel ya riga ya fita daga ɗakin gwaji. A kusa da Pogradec ta ƙasar Albaniya, Aida Bani da abokan aikinta na Jami'ar Lorraine ta Faransa sun noma Odontarrhena chalcidica, wadda aka fi sani da tsohon sunanta Alyssum murale, suka samu sama da kilo 100 na nikel a hekta ɗaya. Ana yanke ciyawar lokacin da take fure, a busar, a ƙone a tanderu, a tace nikel daga tokar, kuma kamfanin Econick na Faransa yana wannan aiki. A Sabah ta Maleshiya ana gwada Phyllanthus rufuschaneyi, Afirka ta Kudu tana da Berkheya coddii, yankin Katanga na Kwango kuma yana da Haumaniastrum robertii mai tara kobal da jan ƙarfe. A 2024 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ware kusan dala miliyan 10 domin binciken noman nikel. Sai dai duk wannan yana yiwuwa ne a kan ƙasa iri ɗaya, wadda ta samo asali daga wani koren dutse mai yawan maganiziyam da nikel, ƙasar da hatsi ba ya yi a kanta. A can manomi ba ya asarar komai idan ya koma noman ƙarfe.

3.0 Yanayin Yankin

Wanda ya taso daga Kano ya bi hanyar Daura, da ya doshi Kazaure zai ga duwatsu sun taso a jere. Waɗannan tsofaffin duwatsu ne na zirin da masana ilimin ƙasa suka laƙaba wa sunan Kazaure, dangin ziraran da ke Anka da Maru da Birnin Gwari. Irin wannan ƙasa mai tsakuwa da marmara ta shafi Roni da Gwiwa. Idan aka yi gabas zuwa Babura, wajen iyakar Nijar, dutsen ya nutse ƙarƙashin rairayin kwarin Chadi, sai jigawa da fako da 'yan fadamu. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watanni kuwa rani ne da hunturu mai ƙura. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su ne abin nomawa, sai lambu a gefen dam ɗin Kazaure da bakin kogin Gari.

Abu na farko da za a cire daga lissafi shi ne noman nikel. Farin dutse da ƙanƙarar dutse da rairayi ba su ne ke haifar da ƙasar nikel ba, don haka duk wanda ya zo wa manomin Gwiwa da labarin Albaniya bai yi masa adalci ba. Noman zinare ma haka. Christopher Anderson na Jami'ar Massey ta Niyu Zilan ya nuna a 1998 cewa tsiro zai sha zinare idan aka zuba wa ƙasa sinadarin da zai narkar da shi, amma sinadaran dangin sayanayid ne, kuma ba abin da za a zuba kusa da rijiyar ƙauye ba ne.

Abin da ya shafe mu shi ne gyaran ƙasa, kuma hanyoyin da ƙarfe mai guba ke shiga ƙasarmu ba ɓoyayyu ba ne. Akwai takin bola. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna kwasar sharar gari zuwa gona, kuma wannan dabara ce da masani Michael Mortimore ya nuna tana cikin abin da ya riƙe albarkar gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Amma sharar da ta kasance toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa, yau ta haɗa da matattun batura da gwangwanin fenti da tarkacen wayoyi. Akwai masu fasa batirin mota da na sola su narka dalmar a fili, kuma yawan batura na ƙaruwa yadda hasken sola ke yaɗuwa a ƙauyuka. Akwai garejin makanikai da baƙin mai, akwai ragowar dalmar da fetur ya bari a gefen manyan hanyoyi kafin a daina zuba ta a farkon shekarun 2000, akwai kuma takin zamani mai fosfet wanda kan zo da ɗan kadmiyam. Sannan ga masu haƙar ma'adinai na gargajiya, waɗanda ba su san iyakar jiha ba. Duk inda aka ji ƙishin-ƙishin ɗin zinare, cikin mako guda wurin ya zama kasuwa.

4.0 Lissafin Shekaru

Bari mu yi lissafi na misali, wanda kowa zai iya maimaitawa da alƙalami. Hekta ɗaya, zurfin santimita 20, wato iya inda garma ke juyawa, tana da nauyin kusan tan 3,000 idan ƙasar mai rairayi ce. A ce kowane kilo yana da miligiram 1,000 na dalma. Ke nan akwai kilo 3,000 na dalma a hektar. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da miligiram 400 a matsayin iyaka ga inda yara ke wasa, kafin ta rage shi zuwa 200 a farkon 2024. Ko da tsohuwar iyakar muka ɗauka, sai an fitar da kilo 1,800. To a ce mun sami tsiro mai ba da tan 5 na busasshen kara da ganye a damina, kowane kilo ɗauke da miligiram 200 na dalma, wanda ma kyautata zato ne. Abin da za a fitar a shekara kilo ɗaya ne. Aikin zai ci shekara 1,800. A ninka amfanin ya zama tan 10, a ɗaga abin da ganye ke ɗauka ya kai miligiram 1,000, har yanzu shekara 180 ake magana. Kada mu manta a wasu gidajen Zamfara an auna sama da miligiram 100,000 a kilo. Kwashe wannan da ciyawa daidai yake da kwashe rumbu da tsinke.

Abin da ya ceci yaran Zamfara shebur ne da baro. Ƙungiyar TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da mutanen ƙauyukan, suka kankare saman ƙasa, suka binne ta a ramukan da aka tanada, suka shimfiɗa sabuwa mai tsabta. Rahoton da Simba Tirima da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna an kwashe sama da mita kubik 27,000 daga gidaje da wuraren niƙa 820 a ƙauyuka takwas, kuma yara 2,349 suka samu maganin fitar da dalma daga jini. Likitoci sun ƙi fara bai wa yaro magani sai an gyara gidansu, domin mayar da shi cikin ƙurar ɓarnar magani ce. Bagega ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, bayan matsin lambar da matasa irin su Hamzat Lawal suka yi. Waɗannan shekaru na jira sun ci lafiyar yara da yawa.

An yi ƙoƙarin gajarta lokacin da tsiro ke ɗauka wajen fitar da dalma a ƙarshen shekarun 1990 ta hanyar zuba sinadarin EDTA, wanda ke narkar da dalma tsiro ya sha ta da yawa. Ya yi aiki a tukunyar gwaji. A gona kuwa an ga mafi yawan dalmar da aka narkar ba ta shiga tsiro, ruwan sama ne ke tafiya da ita ƙasa. A rairayin Babura, inda ruwa ke tsiyayewa nan take kuma mutane ke sha daga rijiyoyi, wannan ɗauke guba ne daga tsakar gida a kai ta randa. Ina roƙon duk mai kula da ɗalibin bincike kada ya bari a gwada shi a fili.

Lissafin kadmiyam daban yake, kuma a nan ne ilimin ke da faɗa. Gonar da ke da miligiram 3 a kilo tana ɗauke da kilo 9 a hekta. Domin a dawo da ita miligiram 1, kilo 6 za a fitar. Tsiro mai ba da tan 3 ɗauke da miligiram 200 a kilo zai fitar da giram 600 a shekara, wato shekara 10, ko da yake aikin kan ja baya yayin da ƙarfen ke raguwa. Wannan lokaci ne da mutum zai iya gani da idonsa. Matsalar ita ce gwanayen zuƙar kadmiyam da aka sani, irin su Noccaea caerulescens ta Turai da Sedum plumbizincicola ta Sin, ba 'yan ƙasar zafi ba ne, kuma ba za su jure watan Afrilu a Roni ba.

5.0 Tsirranmu da Aikin Ɗaure Guba

Idan fitar da dalma ya gagara, hana ta yawo bai gagara ba. Yaro ba daga zurfin ƙasa yake samun dalma ba, daga ƙura yake samunta, wadda ke hannunsa da abincinsa da iskar da yake shaƙa. Filin da ciyawa ta rufe ba ya tayar da ƙura da hunturu, ruwan damina kuma ba ya kwasarsa zuwa kududdufi. A wannan aiki, halin da muka kira aibi ya zama abin nema: muna son tsiron da ke riƙe ƙarfe a saiwa ya bar ganyensa da tsabta.

Jema, wato Chrysopogon nigritanus, ita ce ta farko da zan kawo. 'Yar'uwarta ta Indiya, Chrysopogon zizanioides, an daɗe ana amfani da ita a kan tarin ƙasar ma'adinai a Ostireliya da Sin da Afirka ta Kudu, saiwarta kan nutsa mita uku ko fiye, kuma mafi yawan dalmar da ta sha a saiwa take tsayawa. Tamu jemar tana fadamunmu, manomi ya san ta, ba sai an shigo da baƙon iri ba. Gamba ma ta cancanci gwaji a tudu. Zurma da cini-da-zugu suna da fa'idar cewa dabbobi ba sa cin su kuma mansu na masana'anta ne. Tumfafiya tana fitowa a kangon da komai ya ƙi. Kafin shuka, ana iya cakuɗa ƙasar da garin ƙonannen ƙashi, domin fosfet ɗin da ke cikinsa yana haɗuwa da dalma su zama wani dutse da ba ya narkewa da sauƙi ko a cikin hanji. Ƙashi kuwa ba ya yankewa a mahautan Kazaure da Babura.

Ruwa ma yana da nasa. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da kuromiyam, kuma shekara da shekaru ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, masu lambu suna ban ruwa da shi. Bincike da dama daga Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello sun sami ƙarafa masu guba a ƙasa da kayan lambun wannan yanki. Fadamar da aka gina da gangan, ruwa ya ratsa ta a hankali cikin saiwoyi, tana rage ƙarfe sosai, domin yana kwantawa a laka. Ɗaya daga cikin ciyayin da aka fi amfani da su a duniya don wannan aiki ita ce kacala. Amma duk wanda ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja da Nguru ba zai so a kai ta kusa da dam ɗin Kazaure ba. Jema ta fi aminci a nan ma.

Ina da ƙorafi a kan yadda muke gudanar da bincike. Ana yawan ganin takardun da ke shelar cewa an gano wani tsiron gida mai zuƙar dalma. Idan aka duba hanyar aikin, sai a ga ɗayan biyu: ko an shuka tsiron a tukunya an zuba masa narkakken gishirin dalma, abin da bai yi kama da ƙasar da ta shekara goma da gurɓata ba, ko kuma an tsinko ganye a bakin hanya ba a wanke shi da kyau ba. A ƙasar da hunturu ke shafe wata uku yana zuba ƙura, ganyen da ba a wanke ba ƙasa ake aunawa. Sannan da yawa ba sa faɗin nauyin abin da aka girbe a hekta, alhali ba tare da shi ba babu lissafin shekaru.

6.0 Ina Girbin Zai Je?

Wannan ita ce tambayar da littattafan Turai ba su damu da ita ba, domin a can abin da aka yanke mota ce ke ɗauka zuwa tanderu. A gonar Bahaushe babu abin da ake zubarwa. Ganye na miya ne, harawa ta tumaki ce, kara na danni da girki ne, tokar karan kuma mata na tace ta su zuba a miya ko su yi sabulu. Da an kawar da amfani, shanun makiyaya da awakin gari su shiga gona su share abin da ya rage.

A duba rama. Masu bincike a ƙasashe da dama sun yaba mata wajen shan kadmiyam, ga saurin girma ga yawan kara. Amma wa zai shuka hekta guda ta rama a gefen gari a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya hana a tsinka a yi kwaɗo? Alayyafo ma gwani ne wajen shan kadmiyam, kuma hakan ne ya sa yake da hatsari a lambun da ake shayarwa da ruwan kwata. Tsiron da ya fi iya aikin shi ne ya fi saurin kai gubar cikin tukunya. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda shekara da shekaru ba tare da alama ba, dalma kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira marar illa.

Saboda haka sharaɗin farko na zaɓen tsiro a yankinmu shi ne mutum ba ya ci, akuya ba ta ci. Jema da gamba ma, tunda dabbobi na cin sabon tohonsu, sai an auna ganyensu an kuma killace filin. Sharaɗi na biyu, kada a ƙone girbin a fili, domin kadmiyam da dalma suna bin hayaƙi, tokar da ta rage kuma ta fi ganyen guba nesa ba kusa ba. Dole a tanadi rami mai daɓen laka, nesa da rijiya, tun kafin a zuba iri. Killace fili shekara da shekaru kuwa ba waya ce ke yin sa ba. Sai mai unguwa da dagaci da ardo da limamin gari sun san dalili sun yarda, kuma matan da ke tsinkar ganye su ne farkon waɗanda za a zauna da su.

7.0 Abin da Za a Fara da Shi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi gaggawa shi ne a auna ƙasar yankin yanzu, a san yadda take kafin wata sabuwar sana'a ta sauya ta. Na'urar XRF ta hannu, irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara, tana ba da adadin dalma cikin minti ɗaya ko biyu. Da ita ɗalibai daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura za su iya bin bola da gareji da wuraren fasa batir da lambuna da filayen makarantun firamare, a tura wani kaso na samfurin zuwa Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya domin tabbatarwa. Inda aka sami dalma mai yawa a wurin da yara ke zama, a kankare a binne, ba jira. Inda fili ne na bayan gari, a ɗaure shi da tsirrai. Inda kadmiyam ne kaɗan a gona, a nan za a gwada zuƙa.

Ita wannan na'ura za ta iya wani aikin. Antony van der Ent da abokansa sun bi busassun ganyayen da ke ajiye a ɗakunan adana tsirrai suna haska su ɗaya bayan ɗaya, suka gano sababbin masu zuƙar ƙarfe da dama ba tare da sun shiga daji ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da irin wannan ma'ajiya mai tsirran Arewa da aka tara shekaru da yawa. Idan akwai tsiron savana mai wannan baiwa, wanda ya saba da zafinmu da gajeriyar daminarmu, can ne mafi arhar wurin nemansa.

Kuɗin aikin ba sai an ƙirƙiro masa sabuwar hukuma ba. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a ƙarshen 2021, an yi shi ne domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa, kuma Jigawa na ciki, kamar yadda take cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai lasisi gyaran wurin da ya haƙa, amma mai fasa batir da mai haƙa ba lasisi ba su da wanda zai bi su, don haka nauyin kan jiha da ƙaramar hukuma yake komawa. A cikin kasafin kuma dole a sa diyyar mai gona. Magidancin da hekta ɗaya ce duk abin da ya mallaka ba zai bar ta shekara goma tana fitar da ciyawar da za a binne ba. Ko a ba shi wata gonar aro, ko a biya shi kimar geron da zai samu kowace kaka, a kuma ɗauke shi aikin kula da filin, a rubuta yarjejeniyar a gaban hakimi cewa gonar tasa ce kuma za ta koma hannunsa ko na magadansa ranar da awo ya nuna ta gyaru.